Turaren baba a jikin saurayi: shekaru ne matsalar, ko yawan fesawa?

Saurayi ɗan shekara ashirin da biyu ya ɗauki koriyar kwalbar Polo, ya fesa sau biyar kamar yadda ya saba yi da turarensa na kullum: biyu a wuya, biyu a gaban riga, ɗaya a wuyan hannu. Bai gama gaisawa da abokansa ba wani ya kama hanci yana dariya: "Kai malam, yau na baba ka ɗauko ne?" Tun daga ranar kwalbar ta koma can ƙuryar durowa, shi kuma ya yanke hukunci cewa tsofaffin turaruka ba na matasa ba ne.

Ya yi saurin yanke hukunci. Abu uku ne suka taru suka ba shi kunya, kuma babu shekarun haihuwarsa a cikinsu: kayan da aka haɗa turaren da su, mutumin da ƙamshin ya tuno wa mai shaƙa, da kuma yawan abin da ya zuba wa jikinsa. Na farko akwai zaɓi a ciki. Na biyu ba a hannunsa yake ba. Na uku shi ya fi yin ɓarna, kuma shi ya fi sauƙin gyara.

Da ma ba don dattawa aka haɗa waɗannan turaruka ba. Lokacin da kamfanin Guy Laroche ya fito da Drakkar Noir a 1982, samari ne suka yi rububinsa a Turai da Amurka. Wanda yake da shekara ashirin a lokacin an haife shi a 1962, yau ya haura sittin. Turaren yana nan inda yake, masu shi ne suka yi furfura. Brut na Fabergé ya fito a 1964, kuma a shekarun 1970 da ɗan dambe Henry Cooper da ɗan ƙwallo Kevin Keegan ake tallarsa a Ingila, wato da gwanayen da samari ke kwaikwayo. Dior kuwa da suka tashi sabunta tallar Eau Sauvage a 2009, tsohon hoton ɗan fim ɗin Faransa Alain Delon suka ɗauko, wanda aka ɗauka a 1966, shekarar da turaren ya fito, yana kan ganiyar ƙuruciyarsa. Haka abin ke juyawa. Acqua di Giò na 1996, wanda a zamaninsa shi ne alamar wayewa, yanzu akwai yaran da ba su san shi da komai ba sai a matsayin ƙamshin motar babansu. Sauvage na 2015 ma layi yake bi, lokacinsa bai zo ba ne kawai.

Dalilin yana cikin yadda aka halicci hanci. Saƙon ƙamshi yana isa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da shauƙi ta hanya mafi gajarta fiye da ta gani ko ji, kuma binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa abubuwan da ƙamshi ke tunowa sun fi taruwa a shekaru goma na farkon rayuwa. Wanda ya tashi yana jin Aramis a rigar kawunsa, ko a jikin wa ya ji shi kawun zai gani. Wanda bai taɓa jin sa ba kuwa, sabon abu ne a wurinsa, har ya tambaye ka sunansa. Shi ya sa turaren da ya cika gari a zamanin iyayenka ya fi saurin jawo maka tsiya, alhali wanda ya girme shi da shekara talatin, da babu mai tunawa da shi, sai ya wuce salin alin. Sau da yawa na kaka ya fi na baba sauƙin ɗauka.

To amma ba duka ne tunawa ba. Akwai abin da ke cikin kwalbar da kansa, kuma a nan gizo ke saƙa.

Mafi yawan tsofaffin turarukan maza daga gida ɗaya suka fito, gidan da ake kira fujer. Asalinsa Fougère Royale, wanda Paul Parquet ya haɗa wa kamfanin Houbigant a 1882. Sunan na wani tsiron daji ne mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda shi kansa ba shi da wani ƙamshin a zo a gani. Parquet ƙirƙirar ƙamshin ya yi, ya jingina shi a kan sinadarin kumarin, wanda William Perkin ya fara haɗawa a ɗakin gwaji a 1868, mai ƙamshin busasshiyar ciyawa da ɗan zaƙi-zaƙi. Ginin fujer duwatsun murhu uku gare shi: furen lafanda a sama, wato abin da hanci ke fara ji, kumarin a ƙasa, wato abin da ke saura a ƙarshe, da wata gansakuka mai ɗaci da ake kankarowa daga jikin itatuwa a yankin Balkan da Maroko. A tsakani akan sa jeraniyom da ɓawon lemun bagamot. Wannan haɗi ya shiga sabulun aski da hodar aski da ruwan da ake shafawa bayan aski har tsawon fiye da shekara ɗari, shi ya sa duk wanda ya shaƙi Brut, ko Paco Rabanne Pour Homme na 1973, ko Azzaro Pour Homme na 1978, abin da ke faɗo masa shi ne shagon aski da namiji mai gemu. Abin dariyar shi ne, turarukan da matasan yau ke yayi da yawansu jikokin gidan ne. Le Male, wanda Francis Kurkdjian ya haɗa a 1995 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, lafanda ce da na'a-na'a aka kwantar a kan banila. Sauvage ma akwai lafanda da jeraniyom da bagamot a cikinsa. Ƙashin bayan ɗaya ne, tufafin aka canja.

Gida na biyu shi ne shifre, daga Chypre na François Coty na 1917. Nan tsami ne a sama, ɗaci a ƙasa: bagamot ya buɗe, gansakuka da man wani ganye mai suna faculi da wani ƙaro mai suna labdanom su rufe. Chanel Pour Monsieur na 1955 da Eau Sauvage a nan suke. Babu zaƙi ko kaɗan, kuma wannan rashin zaƙin ne hancin da ya saba da turaren zamani ke fassarawa da tsufa.

Na uku shi ne mai wuyar sha'ani: fata da dabba. Aramis, wanda Bernard Chant ya haɗa a tsakiyar shekarun 1960, ƙamshin jemammiyar fata ne mai ɗaci da ƙauri, ga ɗan hamami a ƙarƙashi. Kuma, ga mai ganin Aramis a matsayin ƙarshen mazantaka, a kan ginin Cabochard aka ɗora shi, turaren mata da shi Chant ɗin ya yi a 1959. Kouros na Yves Saint Laurent, aikin Pierre Bourdon a 1981, ya haɗa tsabtar sabulu da zuma da jibda wuri guda. Jibda idan aka tsarma ta sosai ɗumi take bayarwa, kamar ƙamshin fatar mutum mai tsabta. Idan ta yi yawa kuwa zarni take yi. Tsakanin biyun tazarar feshi ɗaya ce. Antaeus na Chanel, shi ma na 1981, da Givenchy Gentleman na 1974, mai faculi kamar an kwara, duk 'yan wannan ɗaki ne. Masana'antar ta daɗe da komawa ga kwaikwayon jibda da almiski da ake haɗawa a ɗakin gwaji, amma halin ƙamshin bai sauya ba.

Me ya raba waɗannan da hancin ɗan shekara ashirin? Sauyin ɗanɗano ne da aka yi a hankali, kuma sinadarai ƙalilan suka ja ragamarsa. Na farko daihaidromasinol, mai ƙamshin sabon wanki da ɗan sanyin ƙarfe. An zuba shi da yawa a Drakkar Noir, sannan Bourdon ya ƙara masa hannu a Cool Water na Davidoff a 1988, daga nan "tsabta" ta koma nufin ƙamshin sabulun wanki, ba na sabulun aski ba. Shekarun 1990 suka zo da ƙamshin teku da kankana, zamanin CK One na 1994 da Acqua di Giò. Daga nan sai zaƙi: A*Men na 1996 ya shigo da ƙamshin ƙonannen sukari cikin turaren maza, 1 Million na 2008 da Invictus na 2013 suka mayar da shi ruwan dare. Na ƙarshe ambroksan, kwaikwayon ambar da ake samu daga wata ƙatuwar dabbar teku da ake kira whale, wanda shi ke sa Sauvage ya cika ɗaki ya kuma kwana a riga. Yaron da ya buɗe ido a cikin wannan, zaƙi da kaifi ne ƙamshin namiji a wurinsa. Ka ba shi abu mai ɗaci da danshin ƙasa, zai ji kamar an ba mai shan lemun kwalba baƙin shayi ba sukari. Ba wai shayin ya lalace ba ne. Harshe ne bai saba ba, kuma sabo ana yin sa.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: wanne daga ciki? Domin kalmar "tsohon turare" ta haɗa abubuwan da ba su haɗa hanya ba.

Akwai waɗanda ko ɗan shekara goma sha takwas zai sa, babu mai ɗaga gira. Eau Sauvage ne kan gaba. Edmond Roudnitska ya haɗa lemun tsami da ɗoɗɗoya da saiwar jema, ya sa ɗan sinadarin hediyon, mai ƙamshin yasmin a tsarme, wanda ke sa turaren ya yi haske kamar an buɗe taga. Yau da wuya ka sami turaren da babu hediyon a ciki, shi ya sa Eau Sauvage bai taɓa zama baƙo ga hancin zamani ba. Guerlain Vetiver na 1959 saiwar jema ce da lemu da ɗan ganyen taba da gyaɗar ƙamshi, ƙamshin mutum mai tsabta wanda bai damu a lura da shi ba. Pour Un Homme na Caron, tun 1934, lafanda ce da banila kusan zalla. Minti goma na farko lafandar tana da kaifi kamar magani, amma da ta lafa sai banila mai laushi ta fito, wadda duk mai son Le Male zai gane. Acqua di Parma Colonia na 1916 da 4711, wanda ke jingina tarihinsa ga 1792, ruwan lemu da fure ne masu saurin tashi. Habit Rouge na Guerlain na 1965 ma yana iya shiga nan, domin lemu ne da banila da ɗan fata, sai dai yana da ƙamshin hoda wanda wasu ke dangantawa da turaren mata, ba da na tsofaffi ba.

A tsakiya akwai 'yan gidan aski: Azzaro Pour Homme, Paco Rabanne Pour Homme, Drakkar Noir. Matsalarsu ba ƙarfi ba ce kawai, an san su ne fiye da kima, kuma an kwaikwaye su a sabulai da turarukan hammata masu arha har ƙamshin ya zama na kowa. Cikin ukun, Azzaro ya fi tsira da mutuncinsa, saboda ƙamshin anis da ke ratsa lafandarsa ya ba shi fuska tasa. Fahrenheit na Dior, na 1988, shi kaɗai yake a layinsa: ganyen bayolet da fata, da wani ƙamshi da mutane da yawa ke ji kamar fetur. Wannan ba ruwansa da shekaru. Ko dai ka so shi, ko ka ƙi shi, kuma samari da yawa suna son sa.

Sai manyan: Polo na 1978, Aramis, Kouros, Antaeus, Gentleman na asali. A nan gaskiya dole a faɗe ta. Saurayi mai siririyar murya da fuskar da gemu bai gama rufewa ba, idan ya shigo ɗaki da Aramis a gabansa, sai ya zama kamar yaron da ya ari babbar rigar yayansa. Ba haramun ba ne, kuma akwai masu ɗauka su yi kyau da ita, amma sai an yi ɗinki. Ɗinkin kuwa shi ne adadi.

An haɗa waɗannan turaruka ne don duniyar da babu ita yanzu. A shekarun 1970 da 1980 ana shan taba a ofis, a gidan cin abinci, har a cikin jirgin sama. Sai a 2004 Ayilan ta hana shan taba a wuraren aiki, Ingila ta bi a 2007. Turaren da zai ratsa hayaƙi a ji shi dole ya yi ƙarfi. Sannan da yawa daga kwalaben wancan zamani ba su da kan feshi, tsiyayawa ake yi a tafin hannu a shafa a kumatu, rabi ya tafi a hannun. Ga kuma wani abu: jin ƙamshi yana raguwa da tsufa, musamman bayan shekara sittin, kuma wanda ya shekara talatin da turare ɗaya hancinsa ya daina lura da shi, sai ya riƙa ƙarawa. Don haka abin da mutane ke kira ƙamshin tsofaffi, wani ɓangarensa ƙamshin turare ne da aka zuba ya wuce kima. Wani ɓangaren kuma ba na turare ba ne sam: wani bincike da aka yi a Japan, aka buga a 2001, ya gano sinadarin nonenal, mai ɗan ƙarnin maiƙo, a jikin waɗanda suka kai arba'in zuwa sama, ba a same shi a na ƙasa da haka ba. Saurayi ba shi da wannan, saboda haka ko turare ɗaya suka sa da kakansa, ba ƙamshi ɗaya za su yi ba.

Ga lissafin. Feshi ɗaya kimanin kashi ɗaya cikin goma na mililita ne, wato kwalba mai mililita 100 tana ba da feshi wajen dubu. Ga manyan nan biyar, feshi ɗaya ya isa, kuma ba a wuya ba: a ƙirji, ƙarƙashin riga, kwalbar tana nesa da jiki kamar tsawon taƙi guda. Rigar za ta tace kaifin, ta bar ɗumin ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. A fesa minti talatin zuwa arba'in kafin fita, domin a tsofaffin turaruka farkon shi ne mafi tsauri, daɗin yana can bayan awa guda. Na zamani akasin haka aka gina su, don su burge mai saye cikin daƙiƙu goma a gaban kanta. Idan feshi ɗayan ma ya yi yawa, a fesa a auduga a dangwala a wuri biyu, ko a fesa a kan tumbi maimakon ƙirji don ya yi nisa da hanci. 'Yan gidan aski feshi biyu. Masu lemu irin su Eau Sauvage da Colonia uku zuwa huɗu ba laifi, kuma a san cewa bayan awa uku ko huɗu za su kwanta, don ƙwayoyin ƙamshin lemu ƙanana ne, da wuri suke tashi. Maganin wannan shi ne a sake fesawa da rana, ba a ninka da safe ba.

Abin da ke ɓata lamarin sanannu ne. Hanci yana gajiya da ƙamshin da ke tare da shi cikin 'yan mintoci, sai mutum ya ɗauka turaren ya gudu, ya ƙara, alhali na kusa da shi ya hau masa kai. Zafi yana ninka tashin turare, don haka adadin da ya yi daidai da sanyi ya yi yawa da zafi. Fatar saurayi ta fi ta dattijo maiƙo, maiƙo kuwa yana riƙe ƙamshi, ga gumi. Idan jibdar Kouros ta gamu da zufar wanda ya yi tafiya a rana, ba za a ce ya sa turare ba, za a ce bai yi wanka ba. Irin wannan na jikin da aka wanke yanzu ne, da yamma ko lokacin sanyi. Sai kuma cakuɗa: sabulun wanka mai ƙamshi, turaren hammata mai zaƙi, man gashi, sannan Polo a kai. Zaƙin zamani da ɗacin gansakuka ba sa jituwa, abin da ke fitowa ya fi kowannensu muni. Wanda zai sa tsohon turare ya nemi na hammata marar ƙamshi. A kan farar riga kuma a kula, masu duhun ruwa suna barin tabo.

Tufafi suna da nasu tasiri, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Ba sai da kwat ba. Abin da ake nema shi ne tsabta da guga. Ɗacin shifre a kan riga marar guga da takalmi mai ƙura yana kama da sakaci, a kan riga mai guga kuma sai ya zama nutsuwa. Wurin motsa jiki da cunkoson aji ba wuraren Antaeus ba ne, ko shekarunka nawa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ma da ƙa'idarsa. Takardar gwaji ba ta da ɗumi ba ta da maiƙo, farkon ƙamshin kawai take nunawa, kuma tsofaffin turaruka a farkon suke faɗuwa jarrabawa. Amfaninta tacewa: a fesa, a jira rabin minti sifirit ɗin ya tashi, a shaƙa daga ɗan nesa, kada a wuce uku ko huɗu a zama ɗaya. Ƙwayoyin kofi da ake miƙowa ba sa wanke hanci, wani ƙamshin ne kawai a kan wani, fita iska ya fi. Wanda ya tsallake wannan mataki sai a kai shi fata: feshi ɗaya a cikin damtse, kada a murza, a shaƙa bayan minti goma sha biyar, bayan awa ɗaya, bayan awa huɗu. Na awa huɗun shi ne ainihin abin da mutane za su sani a jikinka. Idan ya yi, a nemi 'yar kwalbar gwaji mai mililita biyu, wadda za ta ba da feshi wajen ashirin, a sa shi kwana uku mabambanta, ciki har da rana mai zafi. A tambayi mutum biyu, ɗaya sa'a ɗaya babba, kuma kada a faɗa musu sunan turaren. Da zarar an ambaci tsohon suna irin Old Spice, hukunci ya riga shaƙa fita. Tambayar ma kada ta zama "yana da daɗi?", domin kunya za ta sa a ce e. A ce "daga ina ka fara jin sa?" Idan amsar ta wuce tsawon hannu, an yi yawa.

Wani abin da masu jayayya kan wannan batu ke mantawa shi ne, kwalbar da ke kanti yau ba ita ce ta 1978 ba, ko da suna da launi ba su canja ba. Ƙungiyar IFRA, wadda masana'antar turare ta kafa a 1973, ta taƙaita gansakukar nan zuwa kashi 0.1 cikin ɗari na turaren da aka gama, saboda tana jawo wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fata. Tarayyar Turai ta tafi gaba: a 2017 ta zartar da haramta atranol da kloroatranol, sinadarai biyu da ke cikin gansakukar, tare da wani sinadarin ƙamshi mai suna Lyral, kuma daga Agustan 2021 ba a sayar da abin da ke ɗauke da su a kasuwarta. Wani sinadarin mai suna Lilial ya bi su a Maris na 2022. Kowace doka sai an koma an sake haɗi. Masu kewar da suna kukan an zare wa turarukan laka, kuma a wasu suna da gaskiya, tushen, wato ƙamshin da ke saura a ƙarshe, ya yi siriri, ba ya kama jiki kamar da. Amma ga saurayi wannan gaba ta kai shi. Polo ko Kouros na yau ya fi na jiya haske da sauƙin ɗauka, kuma yawancin labaran ban tsoro da ake bayarwa a kansu na tsohon haɗi ne.

A kula da tarkon suna. Eau Sauvage da Sauvage ba abu ɗaya ba ne, shekara 49 ce tsakaninsu kuma ba su yi kama ba. Gentleman na Givenchy da aka fitar a 2017 sunan kawai ya gada daga na 1974. Polo Blue da Polo Red ba su da alaƙar ƙamshi da koren. Haka ma rubutun ƙarfi da ke jikin kwali. A al'adar sana'ar, eau de cologne yana ɗauke da man ƙamshi kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, eau de toilette 5 zuwa 15, eau de parfum 15 zuwa 20, amma babu dokar da ta tilasta wannan, kuma sau da yawa ba ƙarin mai ba ne, sabon haɗi ne. Eau Sauvage Parfum na 2012 ƙaron mur ne mai nauyi da ɗumi, ba ruwan lemun Roudnitska ba. Mai neman na asali, kusan kullum eau de toilette zai duba.

Saura kwalbar da aka tsinto a durowar baba. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma turare ba zuma ba ne. Iska da haske da zafi suna cin sa, kuma daga sama suke farawa: man lemu da na lafanda su ke fara lalacewa. Alamun a bayyane suke: ruwan ya yi duhu fiye da yadda aka san shi, ya ragu ba a taɓa shi ba, feshin farko yana tsami kamar ruwan goge farce ko yana warin tsohon mai. Wani lokaci abin da ya kwana a cikin bututun ne kawai ya ɓaci, don haka a fesa uku ko huɗu a iska kafin a yanke hukunci, sannan a ba shi minti ashirin a takarda, domin tushen yakan tsira ko da farkon ƙamshin ya mutu. Amma idan tsamin bai tafi ba, kada a sa a fata. Sinadaran limonin da linalul idan iska ta ci su suna komawa abubuwan da ke tayar da ƙaiƙayi, kuma tsohon man bagamot da ba a tace ba yana iya barin baƙin tabo a wuyan da rana ta buga. Irin wannan kwalba, idan har ana son amfani da ita, a fesa a cikin rigar sama ta ɓangaren da ba ya taɓa jiki. Wadda ta tsira kuwa a mayar da ita kwalinta, a rufe, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi, nesa da banɗaki da taga da cikin mota.